Wanne Conan Malam Ya Gurfanar? Martani Kan Robert E. Howard

Makalar da wani malamin adabi ya rubuta kwanan baya a kan Robert E. Howard, Ba'amurken da ya ƙirƙiri jarumi Conan, ta yi daɗin karatu, kuma daɗin nata ne ya hana ni barin ta ta wuce. Rubutu mara armashi ba ya ɓatar da kowa. Wanda ya iya zance shi ne abin tsoro idan ya kauce, don jama'a za su bi shi a baya.

Bari in jero hujjojinsa yadda ya kawo su, kada a ce na yi masa ƙari. Malam ya ce Howard ɗan ƙwadago ne da ya ari rigar marubuta: mujallun arha na Amurka na shekarun 1920 da 1930 suna biyan sa kalma-kalma, shi kuma yana zazzago musu kalmomi, kuma abin da aka rubuta don ciki ba ya zama adabi. Ya ce Conan ƙato ne mara kai, daga ƙwanji sai takobi sai mata rabin tsirara, labarai ne na gudun duniya da aka tanadar wa samarin da suka kasa fuskantar rayuwa. Ya ce shi kansa marubucin yana da taɓin hankali, ɗan lele ne da uwa ba ta taɓa yayewa ba, wanda ya kashe kansa yana da shekara 30. Sai babbar hujjarsa, wadda ya ajiye har ƙarshe: Howard ya raina baƙar fata, ya zana Afirka a matsayin dajin matsafa, saboda haka duk ɗan Afirkan da ya ɓata lokacinsa a kansa ya raina kansa. Hukuncin Malam shi ne a bar mutumin ya ruɓe tare da takardun da aka buga shi a kansu.

A cikin huɗun nan akwai ɗaya da take gaskiya, kuma zan zo kanta ba tare da kwana-kwana ba. Sauran ukun sai a hankali.

Mu fara da kuɗi, tun da nan ne Malam ya fi shan dariya. Gaskiya ne kalma-kalma ake biyan Howard. Labarinsa na farko da aka buga, Spear and Fang, ya fito a mujallar Weird Tales ta watan Yulin 1925, aka ba shi dala 16, kuma a ƙa'idar mujallar sai an buga ake biya. Yana da shekara 19 a lokacin, yana zaune a Cross Plains, wani ɗan gari a tsakiyar jihar Teksas inda babu kamfanin ɗab'i, babu wani babba da zai duba masa rubutu ya ce gyara nan. Ubansa likitan ƙauye ne, uwarsa ta daɗe tana fama da tarin fuka. Ya sayar da lemo a kantin magani, ya yi akawu a ofishin 'yan man fetur, ya riƙe wa safiyo sanda cikin rana, kuma duk ya tsane su. Ya ƙudurta cewa da alƙalaminsa zai ci abinci. Ya kuwa ci, har a shekarun da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe bayan 1929, har bayan bankin da yake ajiya ya rufe da 'yan kuɗinsa a 1931.

To ina laifin? Tun yaushe karɓar lada ya zama shaidar cewa aiki bai yi kyau ba? Dickens, wanda ake koyar wa ɗalibai da girmamawa, kashi-kashi yake fitar da littattafansa ana saye wata-wata. Dostoyevsky ya rubuta The Gambler cikin ƙasa da wata guda a 1866, saboda bashi ya shaƙe shi kuma mai ɗab'i ya ɗaure shi da wa'adi. Ruwan Bagaja da Ganɗoki ma gasa ce ta haife su, wadda Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, wato an nemi a rubuta aka rubuta. Ban ji Malam ya nemi a cire su daga manhaja ba. In har neman abinci na kashe adabi, ba wanda zai rage a kantar littattafan Malam sai 'ya'yan masu gado.

Na yarda gaggawa ta bar tabo. Akwai labaran Conan na tsakiyar tafiya da ka karanta ka san an saƙa su ne don edita Farnsworth Wright ya samu budurwar da za a zana a bangon mujalla, kuma mai zane Margaret Brundage ba ta ɓata lokaci wajen ɗinka musu tufafi. Waɗannan ba zan kare su ba. Amma ga abin da Malam bai faɗa wa masu karatunsa ba. A watan Mayun 1935 Howard ya rubuta wa Wright wasiƙa yana roƙo, domin Weird Tales ta riƙe masa sama da dala 800 alhali kuɗin jinyar uwarsa na cin gidan. Bayan wannan wasiƙar ne ya zauna ya rubuta Red Nails, ɗaya daga cikin mafi ƙarfin abin da ya taɓa rubutawa, ya kuma miƙa wa mujallar da ba ta biyan sa, a lokacin da labaransa na barkwanci na kaboyi ke kawo masa kuɗi a wasu mujallu. Wane irin ɗan ƙwadago ne ke kai mafi kyawun aikinsa gidan da ake cinye masa lada?

Sai Conan. A nan ina da tambaya ɗaya ga Malam, kuma da ladabi nake yin ta: wanne Conan? Domin wanda ya siffanta na gane shi sarai. Shi ne na fim ɗin 1982, wanda Arnold Schwarzenegger ya fito a ciki, mutumin da 'yan kallo a nan suka fi sani da Kwamando. Kafin fim ɗin akwai mujallun zane na kamfanin Marvel tun daga 1970, kafin su kuma akwai zanen da Frank Frazetta ya yi wa bangon littattafan da aka sake bugawa daga 1966, ƙato a tsaye kan tulin gawarwaki. Duk waɗannan sun zo ne shekara 30 ko fiye bayan an binne Howard. Ƙari a kan haka, L. Sprague de Camp, wanda ya daɗe yana riƙe da ragamar buga labaran, ya sa hannu ya gyara wasu, ya ɗauki wasu labaran Howard da ba su shafi Conan ba ya sauya sunaye ya mai da su na Conan, shi da abokan aikinsa kuma suka ƙirƙiro sababbi suka cusa a tsakani. Sai daga farkon shekarun 2000 aka tattara rubutun Howard tsantsa yadda ya bar shi aka buga. Wanda ya yanke wa marubucin hukunci da wancan ƙaton, kamar mutum ne ya ga zanen zaki a bayan babbar mota ya ce ya san halin direba.

Ga Conan ɗin da Howard ya rubuta. Labari na farko, The Phoenix on the Sword, ya fito a watan Disambar 1932, kuma farkon ganin da mai karatu zai yi wa jarumin yana zaune ne a gaban tebur, sarki ne da ya fara manyanta, da alƙalami a hannu yana ƙara wa taswira ƙasashen arewa da masu taswirar fada ba su sani ba. Yana ƙorafin cewa ƙwace sarauta ya fi riƙe ta sauƙi. Akwai wani mawaƙi, Rinaldo, da ke zuga talakawa a kansa da waƙoƙin zambo. An ba sarki shawarar ya rataye shi, ya ƙi, a kan cewa za a ci gaba da rera waƙoƙin mawaƙin bayan an manta da sarautarsa. Wannan ne ƙaton da ba shi da kai?

Ko mu ɗauki The Tower of the Elephant na 1933. A nan Conan saurayi ne, ɓarawo, ya haura wata doguwar hasumiya cikin dare don ya saci wani dutse mai daraja. Ya tsallake zakuna, ya tsallake gizo-gizo mai dafi wanda ya kashe abokin satarsa. Da ya shiga ɗakin ƙarshe sai ya tarar da wata halitta mai jikin mutum da kan giwa a zaune, ya sandare don tsoro. Can sai ya lura halittar makauniya ce, gaɓoɓinta duk a kakkarye, ga tabon wuta a jikinta. Baƙo ne daga wata duniyar, wanda wani boka ya koyi ilimi a wurinsa sannan ya ɗaure shi yana gana masa azaba shekaru ɗaruruwa. Abin da ya kama Conan a wurin kunya ce, kamar laifin 'yan Adam duka ne aka ɗora masa. Halittar ta roƙe shi ya kashe ta ta huta, ya kashe ta da tausayi, ya fita daga hasumiyar hannu rabbana, ko tsinke bai ɗauka ba. Saran takobi mafi muhimmanci a labarin na jinƙai ne. Ban san yadda wanda ya karanta wannan zai rubuta abin da Malam ya rubuta ba.

Batun gudun duniya kuwa, a nan ne Malam ya fi yin nisa da gaskiya, domin duniyar da Howard ya gani da idonsa ita ce ya kwashe ya zuba a cikin labaran. Iyalinsa sun sauka Cross Plains a 1919. Ba a jima ba aka haƙo man fetur a yankin, dubban baƙi suka kwararo: 'yan haƙa, 'yan caca, 'yan damfara, masu sayar da giya a ɓoye. Garin ya kumbura cikin ƙanƙanen lokaci. Ɗan likita ne, don haka ya ga waɗanda ake kawo wa ubansa, wanda aka soka da wuƙa, wanda injin haƙa ya murƙushe. Da man ya ja baya sai baƙin suka watse suka bar garin da ɓarnar. Yaron da ya ga haka ya tashi da ra'ayi ɗaya wanda bai taɓa saki ba: abin da ake kira ci gaba ba shi da kauri, kuma masu zuwa da sunan wayewa sau da yawa sun fi wanda suke kira bagidaje iya zalunci, sai dai su da takarda da lauya suke yin nasu.

Wannan ra'ayin shi ne ƙashin bayan Conan. A Beyond the Black River na 1935, wata babbar daula ta tura talakawanta su share daji su zauna a ƙasar wata ƙabila, saboda manyan masu filaye sun ƙi sakin gonakin da suka mamaye a gida. Conan da kansa ya faɗi haka a cikin labarin. Ƙabilar ta haɗa kai ta taso. Sansanin soja ya faɗi, an karkashe na ciki, lardin ya tafi har abada. Saurayin da mai karatu ya fi shaƙuwa da shi, Balthus, ya mutu tare da wani kare a kan hanya suna tare maharan don mata da yara su samu su tsere. Jarumin ya kai gargaɗi, amma bai iya ceto lardin ba. Wane saurayi ne zai gudu daga damuwar duniya ya fake a labarin da aka ci nasa ɓangaren da yaƙi?

Red Nails ya fi wannan duhu. Birni ne guda a rufe ruf, ba taga ba fili, an yi masa rufi gaba ɗaya. Mutanen ciki sun rabu gida biyu, sun yi shekara 50 suna farautar juna a lunguna a kan wata tsohuwar gaba da ta faro daga rikicin mace. Duk wanda suka kashe daga ɗaya ɓangaren, sai su kafa jar ƙusa a jikin wani baƙin ginshiƙi. An daina haihuwa, ba wanda ke leƙa waje, ba wanda ke tunanin gobe, lissafin ƙusoshi kawai ake yi har aka ƙare. Ba sai na ce komai ba. Duk wanda ya san wani gari da aka raba unguwanni aka ja layi, kowa na ƙirga gawarwakin ɗaya ɓangaren, ya san ba tatsuniya yake karantawa ba.

Howard bai tsaya ga labari ba, ya yi wannan muhawarar a fili. Daga 1930 har mutuwarsa yana musayar dogayen wasiƙu da H. P. Lovecraft, wani gwanin Weird Tales, suna jayayya a kan wayewa da rashinta, kuma an tattara wasiƙun an buga. Ya kuma rubuta labaran tarihi a kan Baibars na Masar, da Taimur da Bayazid, da zuwan Sarki Sulaiman na Usmaniyya ƙofar Vienna a 1529. Ya rubuta labaran dambe masu ban dariya, ya rubuta waƙoƙi da yawa. Duk wannan cikin shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, a wani ɗan ɗaki a bayan gidan ubansa, yana buga tafireta yana faɗin labarin da ƙarfi har maƙwabta na ji.

Maƙwabtan nan su suka fara cewa yaron likita ba shi da lafiya, kuma maganarsu ce Malam ya gada. A ƙauyen da namiji ke noma ko haƙar mai, ƙato ya kulle kansa a ɗaki yana ihu shi kaɗai, me za a kira shi? Wanda ya ɗaukaka zancen ya mai da shi ilimi shi ne de Camp ɗin nan dai, a littafin tarihin rayuwar Howard da ya fitar a 1983, inda ya auna ƙwaƙwalwar mutumin da bai taɓa gani ba, shekara 47 bayan mutuwarsa. Wadda ta san shi kuwa, Novalyne Price, malamar makaranta da suka yi soyayya, ta ajiye littafin abin da ke faruwa kullum, ta fitar da shi a 1986 da sunan One Who Walked Alone. Mutumin da ke cikin littafinta mai surutu ne, mai gardama, mai ban dariya, mai saurin fushi, wanda jinyar uwa ta ɗaure shi ya kasa yin alkawarin aure.

Ranar 11 ga Yunin 1936 aka gaya masa uwarsa ba za ta farfaɗo daga suman da ta yi ba, ya fita ya kashe kansa. Ta cika washegari, aka yi musu jana'iza tare. Kisan kai babban abu ne a addininmu da al'adarmu, ba zan yi masa ado ba. Amma a ce mutumin da ya kwashe shekaru yana ɗaga mara lafiya yana kwantarwa, yana sauya mata tufafi cikin dare, yana biyan kuɗin asibiti da guminsa, a ce wannan shi ne abin dariya? Mu da muke yabon mai jinƙan mahaifiya? Alamu sun nuna ya daɗe yana ɗauke da ciwon damuwa a zamanin da kuma wurin da ba a san maganinsa ba. Wannan abin tausayi ne. Ko ma a ce Malam ya yi daidai a kan lafiyarsa, me hakan ya rage daga The Tower of the Elephant? Sharhin adabi muka zo yi ko rahoton asibiti?

Yanzu ga inda Malam yake da gaskiya, kuma zan ƙara masa hujja a kan wadda ya kawo. Howard ya raina baƙar fata. Jikan mutanen kudancin Amurka ne, ya tashi a Teksas ta zamanin wariya, ya sha wannan ruwan ya ƙoshi. Bai taɓa taka Afirka ba, daga littattafan 'yan mulkin mallaka ya aro ta. A labaran Solomon Kane, Baturen Ingila mai yawo da takobi, Afirka daji ce ta ganguna da tsafi, mutanenta kuma ko abin tsoro ko abin ceto. Black Canaan na 1936 an gina shi kacokan a kan fargabar fararen kudu cewa baƙaƙe za su yi musu bore. The Vale of Lost Women, wanda ba a buga ba sai bayan mutuwarsa da shekaru, yana da layukan da baƙin mutum ba zai karanta bai ji ɗaci a maƙogwaro ba. Masu kare shi kan ce ai haka zamaninsa yake. Ban karɓi wannan ba. A zamanin nasa akwai fararen da suka san wariya zalunci ce suka kuma faɗa.

Sai dai hoton bai cika ba in aka tsaya nan. Mutumin nan dai shi ne a 1929 ya rubuta labarin da jaruminsa baƙin zakaran dambe ne, Ace Jessel, mai mutunci da jarumta. Shi ne ya rubuta Pigeons from Hell, wanda ya samo tushensa daga labaran da wata tsohuwa, Mary Bohannon, wadda aka haifa cikin bauta, take ba shi yana yaro, kuma masifar da ke cikin labarin daga muguntar iyayengijin bayi ta tsiro. A ƙarshen 1935, lokacin da Italiya ta afka wa Habasha, Lovecraft na nuna sha'awar Mussolini, Howard ne ya rubuta masa cewa wayewar da ake cewa za a kai suna ne kawai da ake lulluɓe fashi da shi. Ban kawo waɗannan don in wanke shi ba. Na kawo su ne don a ga mutum ne mai karo da kansa: ya gane ƙaryar masu mulkin mallaka, ya kasa gane ƙaryar da aka shayar da shi a gida. Irin wannan mutumin ya fi wanda aka riga aka gama wa lissafi amfani ga mai nazari.

Inda na rabu da Malam shi ne hukuncin. In raina baƙar fata ne ke sa a jefar da marubuci, me Heart of Darkness na Joseph Conrad ke yi a jami'o'inmu? Me ya sa ake nazarin Mister Johnson na Joyce Cary, tsohon jami'in mulkin mallaka a Borgu, wanda ya kafa labarinsa a arewacin ƙasar nan ya zana ɗan Najeriya a matsayin wawa mai washe baki? Waɗannan an ba su kujera a aji, ana rubuta kundin digiri a kansu. Howard kuwa a kai shi bola. Laifin iri ɗaya ne. Bambancin da na gani shi ne su an buga su a takarda mai kyau a Landan, shi kuma a takardar da ke yin ja cikin shekara biyu. Ashe ba zafin kishin Afirka ne ke magana ba, tsohon ƙyamar abin da talaka ke karantawa ne ya sa rigar kishi.

Kuma mun ga abin da masu kishin gaske suka yi. Chinua Achebe ya karanta Cary yana ɗalibi a Ibadan, abin ya ɓata masa rai, ɓacin ran ya shiga cikin dalilan da suka sa ya ɗauki alƙalami. Shi kuma Conrad, Achebe ya tsaya a gaban jama'a a 1975 ya feɗe shi. Ba zai iya ko ɗaya ba da bai karanta su ba. A fagen Howard ma an yi haka. Charles R. Saunders, baƙin Ba'amurke, ya tashi yana son irin waɗannan labaran, yana kuma jin zafin yadda suke zana mai irin fatarsa. A tsakiyar shekarun 1970 ya rubuta makala mai zafi a kan wariyar da ke cikinsu, ya ambaci Howard da suna. Ya kuma ƙirƙiri Imaro, jarumi baƙi a wata duniya da ya gina daga tarihi da al'adun Afirka, littafin ya fito a 1981. Ya ɗauki makamin Howard ya juya bakinsa. Yau akwai marubuta baƙaƙe da ke bin sawun Saunders. Da ya ji shawarar Malam, da babu Imaro.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, wanda Malam bai faɗa ba amma yana leƙowa daga kowane sakin layi. Hujjojinsa na farko, an rubuta don kuɗi, ba komai sai faɗa da soyayya, masu karantawa malalata ne, mun taɓa jin su. Su ne aka jefi marubutan Kano da su a shekarun 1990, lokacin da aka laƙaba wa aikinsu adabin kasuwa. Su ake jifan masu littattafan yaƙi da su har yau, waɗanda samari ke haya a rumfa ko su saurara a waya, labaran sadaukai da matsafa da aljanu da takubba masu sihiri. Wannan fanni a Turance Howard ake danganta wa kafa shi, tun daga The Shadow Kingdom na 1929. Mu kuma ba aro muka yi ba: a 1934, Conan na tsakiyar tashensa a Weird Tales, Bello Kagara ya fitar da Ganɗoki, sadaukin da ya yaƙi Turawa sannan ya faɗa ƙasashen aljanu da ɗansa Garba Gagare. Ba wanda ya san da ɗan'uwansa a cikinsu. Ɗaya ya zama littafin jarrabawa, ɗaya Malam na so a bari ya ruɓe. Da wane ma'auni?

Matsayina bai da wuyar faɗa. Howard marubuci ne na gaske, mai saurin labari da zafin harshe da ba kowa ke da su ba, mai tunani guda da ya bi har ƙarshe. Aikinsa ba daidai yake ba: akwai labarai kamar goma da za su daɗe, akwai da yawa da suka mutu tare da watan da aka buga su, akwai kaɗan masu guba. Ɗalibin Bahaushe ya karanta na farkon ya koyi yadda ake tuƙa labari ba a saki mai karatu ba, ya karanta na ƙarshen da jan biro a hannu ya ga yadda ake ƙera raini a cikin jimla. Hana shi duka biyun ba kariya ba ce.

A makalar Malam na ƙirga an ambaci fim, an ambaci zanen bango, an ambaci mutuwa, an ambaci farashin kalma. Taken labarin Howard ko ɗaya bai fito ba. In zai dawo da amsa, ina roƙon ya zo da guda ɗaya, ko da Black Canaan ne, wanda ya fi kowanne ba shi makami, ya nuna mana shafin da ya tsaya a kai.